Takalmi Mai Tudu a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, kuma ko da na so in manta, akwai mutane a Jos da ba za su bar ni ba. Abin ya faru ne a ƙarshen shekarun saba'in, ina saurayi, ban daɗe da fara aikin mataimakin ma'aikatan jinya a wani asibiti a cikin gari ba. Aikina bai wuce auna zafin jiki da wanke ciwo da kiran sunaye a kati ba. Amma in ka gan ni da yamma a Kongo-Rasha, inda nake haya, da farar riga da biro uku a aljihu (biyu ba sa rubutu), sai ka rantse ni nake yin fiɗa a asibitin. Matan unguwa Dakta suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.

Kowace Alhamis da safe ranar masu ciwon sukari ce. Su zo da 'yar kwalbar fitsarinsu a gwada, a duba katinsu, mai allura ya karɓi allurarsa, mai ƙwaya ya karɓi ƙwayarsa. Mai kula da su Sista Rifkatu ce, 'yar asalin Filato, gajeruwar mace mai kauri wadda muryarta ke riga ta shiga ɗaki. Ita ta kafa doka cewa ba wanda zai ga likita sai ya zauna a benci ya saurari bayani a kan kula da ƙafa, sannan ya tuɓe takalmi ta duba da idonta. Kuma tana da dalili. Ciwon sukari in ya daɗe a jiki yakan kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, ciwon ya ƙi warkewa, ya yi ta ci a ɓoye har ranar da likita zai ce babu dabara sai yankewa. Ta ga irin haka da yawa, shi ya sa ba ta sassauta wa kowa.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, wato Alhaji Buba, wani dattijon Bafulatani dillalin shanu da ke zaune a Laranto. Dogo ne, ba ya yawan magana, kuma saboda sanyin Jos kullum ƙafarsa tana cikin huffi, huffin yana cikin takalmi. Duk ranar da Sista ta ce ya cire, sai ya ce, "'Yar nan, ina da alwala. Ƙafata lafiya lau, da akwai ciwo ai da na ji." Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi da Turanci, ta dawo Hausa, shi dai ya kalli rufin ɗaki har ta gaji.

To, wannan Alhaji Buban shi ne mahaifin Hajara, yarinyar da nake nema. An riga an kai gaisuwa, amma ba a sa rana ba, ana jiran ta bakinsa. A zamaninmu kuwa suruki ba abin da za ka tsaya ka kalla ido da ido ba ne. In ka hango shi a hanya ka canza hanya, in kuma ta rutsa da kai, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka gaida ƙasa. Ni har na wuce gona da iri. Na taɓa hango shi a kasuwar Laranto na faɗa rumfar masu sayar da ɗan kunne, na yi kusan rabin awa ina taya kayan mata har ya wuce. Ranar Alhamis kuwa, da na ji an kusa kiran katinsa, sai in tuna da wani muhimmin aiki a ɗakin ajiyar barguna.

Wata Lahadi bayan la'asar na je zance, na tarar Hajara ba ta cikin walwala. Ko tsokanar da ta saba yi mini a kan biro ba ta yi ba.

"Malam Dakta, ƙafar Baffa ba lafiya," in ji ta. "Ranar Juma'a da ya shiga wanka, Inna ta ɗauki huffinsa za ta shanya, ta ga ƙasan na dama a jiƙe, kuma yana wari. Ta yi masa magana ya ce ba komai, ba ya jin zafi. Ba wanda ya isa ya sake tayar da maganar a gidan nan. Kai ne kake asibiti. Don Allah ka sa a duba, ina tsoron kar a yanke masa ita."

Na ga hawaye a idonta, kuma wallahi na ji tsoro, don na san abin da wari a ƙafar mai sukari yake nufi. Mai hankali da washegari ya je ya raɗa wa Sista Rifkatu, ita ta san yadda za ta yi. Amma ni na ga dama ce ta samu. Na bugi ƙirji na ce, "Ki bar mini wannan. Ranar Alhamis da hannunsa zai cire takalmin." Tun a hanyar komawa gida na fara hango kaina a tsaye gaban jama'a ina zuba lacca, Alhaji yana gyaɗa kai, yana komawa gida yana ce wa Inna yaron nan akwai ilimi, a sa rana kawai.

Da safe na samu Sista na ce ina so ta bar ni in yi bayanin wannan makon. Ta sauke tabarau ta kalle ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai? Kai da kowane Alhamis kana ɓata kamar an ɗauke ka?"

"Sista, ina so in koya ne."

"To, ba wahala. Amma ka ji ni da kyau, in ka ba ni kunya zan ba ka naka a gaban mutane."

Abin da ya kamata in yi shi ne in zauna in karanta takardun da ta ba ni. Na karanta kam, amma sai da na fara zuwa kasuwa, don a ganina mai lacca a kan ƙafa dole ƙafarsa ta fi ta kowa kyau. A lokacin samari takalmi mai tudu ake yayi, wanda ƙasansa ya kai kaurin bulo, a haɗa da wando mai faɗin ƙafa da ke share titi. Na samu wani ruwan ƙasa mai sheƙi, da zif a gefe. Ya yi mini kaɗan, na sani tun a wurin. Mai shagon ya ce fata ce, za ta saki, na yarda da shi don ina son in yarda. (Har na rabu da takalmin nan bai saki ko kaɗan ba.)

Na sa shi Litinin da Talata ina zagaya unguwa don ya saba da ni. Kafin yammacin Talata dunduniyata ta dama ta saɓule, ƙaramin yatsa ya yi bororo. Na ce ai farce ne ya yi tsawo, na tsayar da wani mai yankan farce a bakin tasha. Yana yi yana ba ni labarin ƙwallo, bai ankara ba ya haɗa da naman babban yatsa. Laraba da sassafe, sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, na zauna wurin mai shayi na miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashinsa ina haddar takarda. Ina daidai kan layin da ke cewa kada mai sukari ya gasa ƙafa a wuta, na ji ƙaurin safa. Gefen ƙafar ya tashi ja wur.

Yanzu fa ka tuna a asibiti nake aiki, inda akwai auduga da bandeji da maganin wanke ciwo, kuma ni nake wanke wa mutane. Amma in na ɗauka Sista za ta tambaya, in ta tambaya za ta gani, in ta gani lacca ta tashi. Sai na kai kukana wurin maƙwabcina direban tasi, wanda ya rantse mini babu abin da ke busar da ciwo kamar man birki. Ya tsiyaya mini, na yi ihun da ya fito da matan gida waje. Na yagi bakin tsohon zanin gadona mai furanni ja da ɗorawa na naɗe ƙafar, na ɗora safa a kai. Ranar Alhamis sai da na zauna a ƙasa na yi ta ja da nishi kafin zif ɗin ya rufe.

Na isa asibiti ina tafiya kamar mai taka ƙwai, amma wando ya rufe asiri. An jera benci a baranda, mutane sun cika, maza gefe mata gefe. A kan tebur Sista ta ajiye kwanon ruwa da tawul da madubi da almakashi, kayan nuna misali. Na duba inda Alhaji ya saba zama, ƙarshen bencin gaba kusa da ƙofa, babu kowa. Sai (Allah Ya yafe mini) na ji wani daɗi, don in ba ya nan harshena zai fi sakewa.

Na yi sallama na fara. Da na ga tsofaffi sun yi shiru suna kallona, sai kaina ya kumbura.

"Iyayena, ƙafa amana ce. Kowace safiya ku duba ta, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi, ko ya sa wani a gida ya duba masa. In za ku wanke, kada ku tsoma ƙafa a ruwa sai kun taɓa shi da gwiwar hannu, don ƙafarku tana iya ce muku ruwan da sanyi alhali yana tafasa. In kun yi alwala ko wanka, ku goge tsakanin yatsu ya bushe. Mai faso ya shafa mai a dunduniya, amma ban da tsakanin yatsu."

A bencin gaba akwai Baba Dung, tsohon ma'aikacin haƙar kuza, wanda ba a taɓa yin bayani a barandar nan bai sa baki ba. Ya ɗaga sanda ya ce, "Oga Dakta, to sanyi fa? Mu a Jos in ba ka gasa ƙafa ba, yaya za ka yi barci?"

"Baba, safa! Safa mai kauri, mai tsabta. Wanda duk ya miƙa ƙafa ga garwashi bai san darajar ƙafarsa ba." Na faɗa ina buga tebur, ƙunar da ke cikin takalmina tana amsawa. "Kuma masu yankan farcen nan na bakin tasha, ku guje su. Farce a yanke shi a miƙe, da almakashi mai tsabta, kada a bi lungu. In ciwo ya fito, komai ƙanƙantarsa, kada ku zuba toka, kada ku zuba kananzir, ku kawo mana shi ranar. Takalmi kuma wanda ya yi muku daidai, ba na ado ba. Kafin ku sa, ku zazzage shi, ku zura hannu ku ji ko akwai tsakuwa ko ƙusa."

Na saci kallon Sista, na ga tana gyaɗa kai. Nan fa na ji duniya ta yi mini daidai, na ɗaga murya har masu jiran magani a ɗaya barandar suka juyo.

"Babba a cikinsu duka, kada ku taka ƙasa ba takalmi. Ko a tsakar gida. Ko daga ɗaki zuwa bayi. Kuma wannan al'adar tamu ta tuɓe takalmi a kan titi don ka ga babba, mai sukari ya bar ta. Ka gaishe shi da girmamawa, amma takalminka yana ƙafarka."

"Ko mai unguwa ne?" in ji Baba Dung.

"Ko mai unguwa."

"Ko gwamna?"

"Baba, ko wane ne! Mutum mai ilimi ba ya cire takalmi don ya ga mutum!"

"Salamu alaikum."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito, taku uku daga inda nake tsaye. Alhaji Buba ne, da babbar riga da rawani da sanda, ashe wani ciniki ne ya tsayar da shi a kara, kasuwar shanu.

Na sha tunanin abin da ya biyo baya, kuma har yau ban tuna na yanke shawarar komai ba. Jikina ne ya yi aikinsa yadda aka raine shi. Kafin bakina ya rufe daga maganar mutum mai ilimi, hannuna ya riga ya kai ga zif. Na hagu ya cije, ya ƙi motsi. Na koma na dama, na zuge, na sa ƙarfi na fizga. Takalmin ya fita da safar gaba ɗaya, ya kuɓuce daga hannuna, ya tashi sama, ya faɗa tsulum cikin kwanon ruwan misali, ruwa ya fantsama a farar rigar Sista. Ni kuwa na zube zan durƙusa, ƙafa ɗaya a kan tudu ɗaya a ƙasa. Ba a durƙusa haka. Na tafi gefe a hankali, ina cewa "Barka da asuba, Baffa, an tashi lafiya," har na kai ƙasa da kafaɗa, ƙafar dama a sama, tsumman furanni yana warwarewa yana lilo.

Alhaji ya amsa gaisuwar a ciki-ciki, ya juya fuskarsa ga bango saboda kunya, ya lallaɓa ya zauna a wurinsa. Sai Baba Dung ya miƙo wuya ya ƙura wa ƙafata ido.

"Oga Dakta," in ji shi a hankali, "wannan ƙafa naka ne, ko ka aro ne?"

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta a asibiti ba. Wata tsohuwa har da riƙe ciki tana salati. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne. Na fara laluben tsumma in rufe, sai na ji inuwar Sista a kaina. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Bar shi haka. Oya, hau tebur."

"Sista, don girman Allah..."

"Na ce hau tebur. Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

Na hau. Ta janye kwano, ta ɗora ƙafata a kan tawul, ta ƙarasa warware tsumman da bakin almakashi, ta juya ga jama'a.

"To, kun ji lacca. Yanzu jarrabawa. Kowa ya zo ya duba, ya gaya mini doka nawa malaminku ya karya."

Suka taso kuwa, har da bin layi. Mutanen da na raina, ashe ba abin da ya wuce kunnensu. Wani ya ce takalmi ya matse, ga dunduniya nan. Wata ta ce wannan yankan ai na masu yankan farce ne, ta san hannunsu. Baba Dung ya nuna ƙunar da bakin sanda ya ce, "Wanda bai san darajar ƙafarsa ba," da irin muryata sak. Wani tsohon makanike ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago ya ce, "Man birki ne. Kuma ba mai kyau ba." Ni dai ina zaune na sunkuyar da kai, ina lissafin garin da zan koma inda ba a san ni ba. Maganar aure kam na riga na yi mata sallama a zuciyata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hajara, da na yi wa alkawari, ga shi na ɓata damar da wauta, kuma ƙafar mahaifinta tana nan cikin huffi yadda take.

Sista ta jiƙa auduga da maganin wanke ciwo ta danna a babban yatsan. Na yi niyyar daurewa, suruki yana wurin. Daurewar ba ta kai ƙiftawar ido ba, na saki "Wayyo Allah!" na ɗaga daga tebur. Aka sake fashewa da dariya.

A cikin dariyar ne Alhaji ya yi gyaran murya. Shi kaɗai bai taso ba, kuma har lokacin bango yake kallo. Da ya yi magana, ba da ni ya yi ba, don ba zai yi ba.

"'Yar nan," ya ce da Sista, "ciwon malamin naku, yaya girmansa?"

"Alhaji, ƙarami ne. Bai kai ƙwayar wake ba. Raki ne kawai."

"Ki tambaye shi, da gaske yana jin zafin, ko na ganin mutane ne."

Ba ta tambaye ni ba, sai ta sake danna audugar. Amsar da na bayar an ji ta har ɗakin haihuwa.

Alhaji ya juya sanda a hannunsa. Sannan ya ce, "Ɗan wannan, kuma yake wannan ihu. Ni akwai wani a tafin ƙafata, ya fi kwabo faɗi. Na matsa shi da yatsa, ban ji komai ba. Na ɗauka alamar sauƙi ce."

Duk dariya ta ɗauke. Sista ta ajiye audugar, ta je ta tsuguna a gabansa, muryarta ta sauka yadda ban taɓa ji ba.

"Baba, shi wannan yaro ƙafarsa yana da rai, shi ya sa yana kuka. In ya taka wuta, ƙafa zai gaya masa. Naka ya daina gaya maka. Wannan rashin zafi da kake ji, shi ne ciwon. Abeg, bari in gani."

Ya kalli ƙafarsa, ya kalli bango, ya ce, "To a ce wa malamin ya juya baya."

Ba sai an ce mini ba. Na juya a kan teburin na fuskanci taga, ƙafa ɗaya a tawul, ɗaya cikin takalmin da ya ƙi fita. Ina jin ƙarar cire takalmi, sai na huffi, sai warin da Hajara ta faɗa ya iso inda nake. Na ji Sista ta ja numfashi ta ce a kira likita yanzu-yanzu. Daga baya ta gaya mini wata 'yar ƙusa ce ta ɓullo ta ƙasan takalminsa, ta huda huffin, ya yi makonni yana takawa yana yawo a kara bai sani ba. A ranar aka ba shi gado. Likita ya ce ciwon bai kai ƙashi ba tukuna, amma saura kaɗan, da an ƙara jinkiri da magana ta canza.

Ya daɗe a kwance, ana wankewa ana allura, ni kuwa duk tsawon kwanakin nan ban bi ta ƙofar ɗakinsu ba, sai in zagaya ta bayan ɗakin wanki ina ɗingishi cikin silifas. Da Sista ta ji ashe tun Lahadi na san da maganar na yi shiru don in yi suna, ta yi mini wankin babban bargo, kuma na cancanta. Kwana huɗun nan da na ɓata ina sayen takalmi, ƙusar tana ƙara shiga ne. Hajara kuwa da na je, ta fara da godiya da hawaye, ta kai tsakiya ta tuna da labarin tsumman furanni (Baba Dung ya riga ya kai shi Laranto, da ƙari), ta juya baya kafaɗunta suna rawa don dariya.

Alhaji ya fita asibiti da ƙafafunsa biyu da yatsunsa goma, kuma da su ya yi ta zuwa kara har ƙarshen rayuwarsa. Bayan sallamarsa kawuna ya je jin ta bakinsa, ni ina gida ina jiran a dawo mini da kayan gaisuwa. Da kawu ya dawo sai ya zauna yana ta murmushi. Ya ce Alhaji ya ce ya ba ni Hajara, a sa rana, amma da sharaɗi ɗaya: "A gaya wa malamin, daga yau in ya gan ni, ya taimaki jama'a ya bar takalminsa a ƙafarsa."

Na yi shekaru da yawa bayan nan ina yi wa masu sukari bayani a kan ƙafa, har na iya shi ba takarda. Abin da na koya dai shi ne, duk haddar da na yi ta kwana huɗu ba ta cire wa dattijon nan ko igiyar takalmi ba, sai da na yi ihu kamar ɗan yaye a kan tebur. Saboda haka in zan tsaya gaban mutane in gaya musu yadda za su kula da jikinsu, sai na fara shiga ɗaki na rufe ƙofa na duba nawa, don ban san wanda zai yi sallama ba.